Wanda Ya Taya Ni Danna Ƙirjin Bawa

Jama'a, abin da zan gaya muku ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, da rana tsaka, idona biyu, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa ko gishiri ba. Yanzu na tsufa, na daɗe da ajiye aiki, ba ni da wata riba in zauna in shirga muku ƙarya.

Lokacin ana ce wa jiharmu Arewa ta Tsakiya, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Birnin Gwari, can cikin daji bayan Dogon Dawa, in riƙe asibitin sha-ka-tafi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don dangin mutumin suna nan da ransu. Asibitin ɗaki biyu ne da rufin kwano, ni ne mai ba da magani, ni ne mai wanke gyambo, wani lokaci har da shara, mutanen gari kuwa, Gwarawansu da Hausawansu, Likita suke ce mini, alhali ni dispensa ne kawai, ko kusa da likita ban kai ba.

Kafin a turo ni an tara mu a Zariya an yi mana wani ɗan kwas. A nan ne wani likita ya koya mana abin da a lokacin sabo ne fil a wurinmu, wato in zuciyar mutum ta tsaya ba a cewa ya mutu a rufe shi da zane nan take. A kwantar da shi rigingine kan abu mai tauri, ka ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, ka yi ta dannawa da ƙarfi da sauri, kana tsayawa kana toshe masa hanci kana hura masa iska a baki, ba ka fasawa sai ya dawo ko kuwa ƙarfinka ya ƙare. A kan mutum-mutumin roba muka koya, muna yi muna dariya a ɓoye, don gani muke yi almara ce irin ta Turawa. Ya kuma gaya mana a manyan asibitoci akwai na'urar da ake jona wa ƙirji lantarki zuciya ta tashi, amma mu na ƙauye hannuwanmu ne na'urarmu, sai wata 'yar allura mai zaburar da zuciya da aka ba kowannenmu ya ajiye a akwatin aiki.

To, a ƙauyen nan akwai wani Bagwari mai suna Bawa, mai yankan katako ne da zarto a cikin daji, ƙato, ya manyanta amma ƙarfinsa ya fi na samari. Na san shi ƙwarai, don ina zuwa garin ba da jimawa ba gungume ya datse masa ƙaramin yatsan hannun hagu, ni na ƙarasa cire abin da ya rage na ɗinke, na yi ta wanke masa har ya warke. Tun a lokacin na auna jininsa na ga ya hau sosai, na ce masa ya rage gishiri ya riƙa zuwa ina duba shi, ya yi dariya ya ce shi da yake ɗaga gungumen maɗaci wane jini ne zai kayar da shi. Mutumin kirki ne wallahi, in ya kama zomo ko ya samo zuma sai ya aiko mini.

Wata safiya cikin marka, ruwa ya kwana yana zuba, sai ga matarsa Laraba ta zo asibiti ba ko takalmi, ta ce in zo in ga maigidanta. A hanya take gaya mini da Hausarta ta Gwarawa wai tun jiya da yamma ne, ya dawo daga daji yana wanke hannu zai ci tuwo, sai ƙwarya ta suɓuce masa, ya buɗe baki zai yi magana maganar ta ƙi fita, ya zame ya kwanta. 'Yan'uwansa suka ce iskar daji ce ta buge shi, suka kwana suna yi masa hayaƙi.

Ina shiga ɗakin na san ko mene ne. Bakinsa ya karkace, miyau na zuba, na ɗaga hannunsa na dama na saki ya faɗi kamar tsumma, ƙafar ma haka. Idonsa biyu, yana kallona, ya gane ni sarai, amma in ya yi yunƙurin magana sai wani gurnani. Kuma ƙirjinsa na ƙara, ashe da asuba sun ɗura masa kunu ya shaƙe, don mai irin wannan ciwo maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai. Na ce musu wannan shanyewar ɓarin jiki ce, jini ne ya hau ya yi ɓarna a ƙwaƙwalwa, ba ni da maganinsa a nan, sai Zariya, kuma yanzu. Aka yi ta ja-in-ja, wani wansa ya ce ba a kai ciwon iska asibiti. Laraba ce ta miƙe ta ce mijinta ne, za a kai shi.

Allah ya taimake mu akwai wata motar katako a gari da ruwa ya hana ta fita jiya, direbanta Isiyaku, mutumin Funtuwa, wanda ya saba ɗaukar kayan Bawa. Bai yi musu ba. Muka shimfiɗa tabarma kan katakai a bayan mota, na kwantar da Bawa a gefensa don kada miyau ya sake shaƙe shi, na ɗauki akwatin aikina, muka kama hanya mu huɗu, ni da Laraba da marar lafiya a baya, Isiyaku a gaba.

Wanda bai san dajin nan a wancan zamani ba ba zai gane ba. Doka da maje da maɗaci sun haɗe ta sama, ciyawa ta fi tsawon mutum, hanya kuwa sawun taya biyu ne kawai cikin jar laka, ga tsando na cizo ta cikin riga. Muna tafe muna zamewa har wajen azahar, sai muka iso wani rafi da ba gada, ana bi ta cikin ruwa ne. Isiyaku ya shiga, ya kusa haurawa, tayar baya ta nutse a laka, mota ta kafe ta karkata gefe guda. Ya yi ya yi ta ƙi. Da na ga katakai sun fara zamewa na ce mu sauke Bawa. Muka ciccibe shi mu uku muka haura da shi gaɓa, muka sauko da katako ɗaya mai faɗi muka ɗora shi a kai a gindin wata ƙirya. Isiyaku ya ɗauki adda ya shiga daji saro rassan da zai cusa ƙarƙashin taya.

Bai daɗe da ɓacewa ba, ina gyara wa Bawa kwanciya, sai na ji ya ja wani numfashi mai ƙara kamar minshari, ya sake ja, shi ke nan ya yi shiru. Na girgiza shi, na kira sunansa. Na taɓa jijiyar wuyansa ban ji komai ba, na sa abin sauraren ƙirji, tsit. Leɓɓansa suka fara yin toka-toka.

Wallahi ban yi wani tunani ba, hannuwana ne suka tuna abin da aka koya musu. Na mirgina shi rigingine, na yage rigarsa, na durƙusa na fara dannawa. Laraba ta saki kuka ta riƙe mini hannu, tana cewa in bar shi, ya riga ya tafi, kada in wulaƙanta mata gawa. Na fizge na ce, "Iya, ki bar ni, bai tafi ba tukuna." Ta koma gefe ta zube a laka tana addu'a da Gwaranci.

Ku da ba ku taɓa yi ba, danna ƙirjin mutum ba kamar na roba ba ne. Ƙirjin Bawa kamar turmi, sai na tattara duk nauyina kafin ya lotsa, can na ji ƙashin haƙarƙari ya yi ƙas a ƙarƙashin hannuna, amma an gaya mana hakan na faruwa, kada a tsaya. In danna in danna, in koma kansa in ɗaga haɓa in toshe hanci in hura, ɗanɗanon kunu da hayaƙi a bakina, in dawo in ci gaba. Na ƙwala wa Isiyaku kira har muryata ta dushe, ba amsa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai san gumi ya rufe mini ido, kafaɗuna suka mutu, dannawar ta koma shafa, kuma ga allura a akwati amma ba halin in saki ƙirjin in je in zuƙo ta.

Sai na ga ƙafafun mutum a ɗaya gefen katakon. Ba takalmi, laka har ƙwauri. Ban ji tahowarsa ba, amma a halin da nake ciki ko giwa ce ta taho ba zan ji ba. Ya durƙusa daidai inda ya kamata, ya ce,

"Likita, ka gaji. Kawo in karɓe ka, kai ka yi ta hurawa."

Na ɗauka cikin masu zarto ne da ke kwana a daji, don Hausar tasa ta Gwarawa ce. Na janye hannu, ya ɗora nasa. Kuma jama'a, ya iya. Tushen tafi a tsakiyar ƙirji, gwiwar hannu a miƙe, da ƙarfi da sauri, in ya kai inda za a hura sai ya dakata da kansa ba sai na ce masa ba. A duk ƙasar nan a lokacin ban san wani da ya taɓa ko jin labarin wannan aiki ba in ba ni ba, amma wallahi a sa'ar nan ban tambayi kaina a ina ya koya ba, murna kawai nake yi na samu mataimaki. Na rarrafa na buɗe akwati, na fasa kwalbar allura na zuƙa, na nemi jijiya a hannun Bawa da ƙyar na samu na tura, na koma kan hurawa.

Abu biyu na lura da su a lokacin, sai daga baya suka dame ni. Kukan Laraba ya ɗauke ɗif, kamar an toshe mata baki. Sa'an nan dajin kansa ya yi shiru, ba tsuntsu, ba gyare, ko tsandon da suka addabe mu babu, sai ƙarar ruwan rafi da ƙarar katako yana lotsawa.

Muna cikin haka sai Bawa ya yi wata irin zabura, ya ja iska da kansa, ya yi tari. Na ce wa mutumin ya dakata, na sa yatsa a jijiyar wuyan Bawa. Tana bugawa. A raunane, tana tsalle-tsalle, amma tana bugawa. Na ce Alhamdu lillahi, hawaye suka zubo mini, na mirgina shi gefe ya amayar da kunun nan. Sai a sa'an nan na juyo in yi wa bawan Allah godiya.

Hannunsa na fara gani, yana dafe da gwiwa. Hannun hagu, ba ƙaramin yatsa, ga tabon ɗinki. Ɗinkina ne. Kowane ma'aikacin asibiti ya san ɗinkinsa kamar yadda tela ya san nasa. Na ɗaga kai.

Bawa ne. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, Bawa ne durƙushe a gabana, tsagen fuskarsa, furfurar gemunsa, har rigar da na yaga yanzun nan ita ce a jikinsa, amma tasa lafiya lau. Bakinsa a daidai yake bai karkace ba. Ga Bawa kwance yana numfashi da ƙyar tsakaninmu, ga Bawa a durƙushe. Ba ni yake kallo ba, na kwancen yake kallo, irin kallon da mutum ke yi wa gidan da ya tashi daga ciki.

Ya miƙe a hankali, ya dubi matarsa, ya faɗa mata wata gajeriyar magana da Gwaranci, ya juya ya nufi ciyawa. Daidai nan Isiyaku ya ɓullo da rassa a kafaɗa, suka yi kusan gogar juna. Na ji Isiyaku da murna yana cewa,

"A'a, Bawa, ka miƙe? Ina kuma za ka?"

Ya wuce abinsa, ciyawa ta rufe shi. Isiyaku ya ƙaraso yana dariya zai ce mini wani abu, idonsa ya faɗa kan wanda ke kwance. Rassan suka zube. Ya dubi ciyawa, ya dubi katako, ya fara Innalillahi yana maimaitawa. Yadda muka fitar da motar nan ma ban iya tunawa sosai, na dai san mun cusa rassa, ni da Laraba muka tura, tsoro ya ba mu ƙarfin da ba namu ba.

A hanya Laraba ta koma can ƙarshen mota ta takure, ta ƙi matsowa kusa da shi. Na tambaye ta me wancan da ya shiga ciyawa ya ce mata. Ta ce cewa ya yi ta kula da shi. Na ce ta kula da wa? Ta nuna na kwancen da haɓa.

Mun isa Zariya bayan la'asar. Aka karɓe shi da gaggawa, aka sa masa iskar numfashi da ƙarin ruwa. Likitan da ya duba shi ya ce haƙarƙari sun tsage amma ba komai, ya tambaye ni ni kaɗai na yi ta dannawa? Na ce wani mai wucewa ya taya ni. Me zan ce masa?

Bawa bai mutu ba. Ya yi makonni a asibiti aka sallamo shi, ɓarin dama a mace, magana babu. Laraba ta riƙe shi tsakani da Allah, ita ke masa wanka, ita ke juya shi don kada ya yi gyambon kwanciya, ita ke ba shi abinci kaɗan-kaɗan yadda na koya mata. Amma ta bar kwana a ɗakin. Wata rana na je duba shi ta raka ni har bakin danga, ta ce,

"Likita, jikin maigidana ne, shi ya sa nake wahala da shi. Amma maigidana ya shiga daji, kai ma ka gani."

Na ce mata ta bar wannan magana, ciwon ne ke canza mutum, haka yake yi. Gaskiya ne kuma, mai shanyewar jiki yakan canza hali. Sai dai ni kaina da nake faɗa ban gamsu ba. Idon nan da ya gane ni ranar da ciwon ya same shi, yanzu in ya dube ni kamar bango yake kallo. In an fito da shi shan iska aka jingina shi, duk inda aka fuskantar da shi sai ya yi ta ja da hannu ɗaya har ya juyo gabas, wajen rafin nan. Kuma Laraba ta ce mini kullum da safe sai ta wanke masa laka a ƙafa. Na ɗauka ruɗewa ce irin ta mai jinya, har sai da rani ya yi, ƙasa ta bushe ta tsattsage, rijiyoyi suka ja baya, na yi sammako na je da kaina na yaye mayafin. Jar laka ce ɗanya a tsakanin yatsunsa, har ƙwauri, a ƙafar mai lafiya da wadda ta mutu. Mutumin da ko zama ba ya iya yi sai an tallafe shi.

Da aka yi mini canjin wurin aiki na je yi musu sallama. Laraba ta tafi rijiya, shi kaɗai ne jingine a inuwa. Na durƙusa na auna jininsa kamar yadda na saba, ina naɗe abin awon ina cewa Baba Bawa, zan tafi, Allah ya ba ka lafiya, ba don ina sa ran amsa ba. Sai ya cafke mini wuyan hannu da hannun hagun nan mai yatsa huɗu. Bakinsa a karkace yake, miyau na zuba, amma maganar ta fito tar, ba gargada, kuma can ƙasa-ƙasa kamar daga nesa ake yin ta.

"Likita, har yanzu ina bakin rafin. Ku turo a zo a ɗauke ni."

Ya sake ni, idonsa ya koma yadda yake. Na yi ta kiransa, na girgiza shi, ko ƙiftawa.

Na gaya wa Laraba, ta gaya wa 'yan'uwansa. Washegari muka ɗunguma da su har rafin, lokacin ya ƙafe sai yashi. Ga ƙiryar, ga ma katakon da muka bari gara ta cinye rabinsa. Suka yi ta kiran sunansa ta kowace kusurwa, da Gwaranci da Hausa, wani dattijo a cikinsu ya yi abin da zai yi, ni kuma na karanta abin da na sani. Ba abin da ya amsa. Muka dawo. Bayan na bar garin na samu labari ya ƙara shekara biyu ko uku a haka kafin ya rasu, kuma bai sake furta ko kalma ba. Isiyaku kuwa tun daga ranar nan bai ƙara bin hanyar ba, na haɗu da shi sau ɗaya a tashar Funtuwa, muna gaisawa na ambaci Bawa ya ɗaga mini hannu ya ce in yi wa Allah in bar zancen.

Na tambayi malamai, na tambayi likitoci a fakaice. Wani ya ce aljani ne ya ɗauki siffarsa, wani ya ce gajiya ce da firgita suka sa na ga abin da babu. To in ni na gaji, Laraba fa? Isiyaku da ya gaishe shi fa? Kuma wa ya danna ƙirjin lokacin da nake zuƙo allura? Ni dai ban sani ba, Allah shi ya bar wa kansa sani.

Shawarata gare ku, in kuka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada ku kwana da shi a gida kuna hayaƙi, kada ku ɗura masa ko ruwa, ku nemi mota ku nufi babban asibiti a sa'ar nan. Wanda kuma ya samu hanyar koyon danna ƙirji ya koya, ni na ci gaba da yi har na bar aiki, da yawa ba su dawo ba, wasu kuwa sun dawo sun ga jikokinsu. Amma in a daji abin ya same ku, kuka ga wani ya durƙusa a gefenku ya ce ku kawo ya karɓe ku, ku yi bisimilla ku ɗaga kai ku dubi fuskarsa kafin ku janye hannu.